Tambaya kan hoton sikana na ciki: an ce a yi wa mahaifina na uku

Ɗan Marwa ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin lafiya da ke wannan zaure. Ni ba ma'aikacin asibiti ba ne, malamin makaranta ne, amma lalurar mahaifina ta sa na koyi duba takardun da ban taɓa zaton zan riƙe a hannuna ba. Shekarunsa 68, siriri ne ƙwarai, kuma an daɗe da gano yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A farkon bana aka yi masa hoton eko, mai hoton ya ce ya hango wani ƙulli a hantar wanda bai gamsu da shi ba, saboda haka aka tura mu Garwa yin hoton sikana na ciki. Domin 'yan'uwanmu na Najeriya kada su rikice, sikana a wurinmu ita ce na'urar da ake kira CT, mai zobe wanda ake tura mutum cikinsa a kwance, abin da kuke cewa sikanin kuwa shi muke kira eko.

Mun yi tafiyar sama da kilomita 200, an ɗauki hoton, aka ba mu manyan fina-finai a ambulan tare da faifai guda. Da muka dawo Marwa faifan ya ƙi buɗewa a kwamfutar likita, ina jin ya karce ne a cikin jaka, fina-finan kuma ya ce 'yan zaɓaɓɓu ne, ba su nuna masa duk abin da yake nema ba. Bayan wata huɗu aka sake yin wani hoton a wani wuri dabam. Wannan na biyun, ko ni da ba sana'ata ba ce na ga bambanci, domin ya fito kamar an watsa masa yashi, alhali na farkon sumul yake. Mai sarrafa na'urar ya gaya mini cewa da gangan ya rage ƙarfin hasken X-ray ɗin da na'urar ke ratsa jiki da shi domin kare lafiyar tsohon, na kuwa yi masa godiya. Amma da likita ya duba sai ya ajiye, ya ce hoton bai amsa tambayarsa ba, dole a yi na uku.

A ƙarshen takardun biyu akwai wani layi da aka rubuta PDL. Na farkon 2,300 ne, na biyun 480. Tambayoyina su ne: me ya sa ciki ɗaya, mutum ɗaya, za a sami wannan tazara? Rage hasken ne ya lalata hoto na biyu, wato alherin da aka yi mana shi ne ya ja mana asara? Sannan wannan haske da ake ta ratsa jikinsa da shi, idan an ƙara na uku, ba zai haifar masa da wata cutar da ta fi wadda muke nema ba? Kuɗin ma ba ƙarami ba ne, amma ba shi ne ya hana ni barci ba.

Mai Sarrafa Sikana, Garwa, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Ban ga hotunan ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne na yadda aikin yake, hukunci kuwa yana hannun likitan da ke da su a gabansa.

Bari in fara da lambobin. Na'urar tana fitar da awo biyu bayan kowane aiki. Na ɗaya shi ne CTDI, wanda ke nuna ƙarfin hasken da aka zuba a kowane yanki na jiki, ana auna shi da miligire. Na biyu shi ne PDL ɗin da ka gani, masu Turancin Ingilishi suna rubuta shi DLP, kuma ba komai ba ne illa awo na farko da aka ninka da tsawon jikin da aka bi a santimita. Idan aka bi cikin sau ɗaya, lamba ɗaya ce, idan aka bi sau huɗu, sai a tara su. Domin kimanta nauyin da jiki ya ɗauka a hoton ciki na babban mutum, ana ninka PDL da 0.015, sai a sami milisibat. Kenan na farkon ya tashi kusan milisibat 35, na biyun kuma 7 da ɗan ɗoriya. Hoton ciki da mara na zagaye ɗaya yakan kasance tsakanin 8 zuwa 10, hoton radiyo (X-ray) na ƙirji kuma bai wuce 0.1 ba. Kowane ɗan Adam yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama ko bai taɓa taka asibiti ba, a matsakaicin lissafin duniya.

Daga lambar 2,300 ina kyautata zaton an yi wa Baba zagaye huɗu ne: ɗaya kafin a ɗura ruwan aidin a jijiya, wato ruwan da ke sa jijiyoyi da gaɓoɓi su fito fili a hoto, sannan uku bayan an ɗura, kowanne daga ƙasan ƙirji har mara. Lambar 480 kuwa ta fi kama da zagaye guda. To ka ga yawancin tazarar daga yawan zagaye ta fito, rage ƙarfin da abokin aikina ya yi kaso kaɗan ne a ciki.

Yashin da ka gani kuwa yana da lissafinsa. Hoton sikana ana gina shi ne daga ƙwayoyin hasken da suka ratsa jiki suka isa ɗaya gefen zoben. Idan suka yi yawa hoto ya yi sumul, idan suka yi kaɗan sai ya yi tsakuwa-tsakuwa, kamar hoton waya da aka ɗauka da magariba. Maɓallin da ke ƙayyade yawansu shi ne mAs, kuma nauyin da majiyyaci ke ɗauka yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi: ka ninka shi, ka ninka nauyin. Sai dai yashin ba haka yake raguwa ba. Kafin ka rage shi da rabi sai ka ninka hasken sau huɗu. Wannan ne ya sa hoto mai ƙyalli yake da tsada a jikin mutum, kuma shi ne ya sa ba ma bin ƙyalli. Idan tsakuwar ƙoda ake nema, alal misali, wadda mutanenmu ke fama da ita a wannan ƙasa mai zafi da ƙarancin shan ruwa, tsakuwar fara ce fat a cikin nama mai duhu, ko an rage hasken ƙasa da milisibat 3 tana fitowa, ba a ma buƙatar ruwan aidin.

Akwai wani abu da ya kamata a duba kafin a yanke cewa hoto na biyu ya lalace, shi ne kaurin yankan da aka buga. Na'ura tana iya fitar da yanka mai kaurin milimita 1.25, tana iya fitar da mai milimita 5, duk daga ɗauka guda. Siririn yana da yashi ninki biyu na kakkauran. Sau da yawa likita yakan buɗe siririn ya yi tsaki, alhali da an sake harhaɗa masa kakkauran a kwamfuta, ba tare da an sake kwantar da kowa ba, da ya ga abin da yake so.

Maɓalli na biyu shi ne kilobolt, wanda ke ƙayyade ƙarfin da hasken ke ratsa jiki da shi. Yawancin na'urori suna zuwa a saite kan 120, kuma da yawanmu a nan suke barin ta daga safe har dare, ƙato ne ya kwanta ko ramamme. Ga siririn mutum kamar Baba, 100 ta wadatar. Sauka daga 120 zuwa 100 yana zabge kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin idan ba a taɓa sauran saitin ba, sannan ruwan aidin ya fi haskawa a ƙaramin kilobolt, wato an rage nauyi kuma jijiyoyi sun ƙara fitowa. Ga mai ƙiba ba ya yiwuwa haka, domin kusan kowane santimita 4 na nama yana cinye rabin hasken da ya shige shi.

Abin da ya fi ɓata mini hoto a aikina ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, numfashi ne. Muryar da ke cikin na'ura Faransanci take yi ko Ingilishi. Tsoho ya zo daga ƙauye, Hausa ko Fulatanci kawai yake ji, ga sanyin ɗaki, ga ƙugin zobe, ga ɗumin da ruwan aidin ke watsawa a jiki har mutum ya zaci fitsari ya kufce masa. Muryar ta ce ya riƙe numfashi, shi kuwa yana salati. Hanta ta motsa, hoto ya yi biyu-biyu, sai a maimaita, nauyin ya ninku. Ni yanzu kashe muryar nake yi. Ina tsayawa kan mutum mu gwada sau uku kafin in fita, in ce ja numfashi, riƙe, in ƙirga masa da yatsu, sannan in yi masa magana da kaina ta lasifika. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku fara koya wa Baba riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15 tun a gida, yana kwance, hannuwansa sama da kansa.

Likitan Hoto, Injamena, ya amsa:

Malam Ɗan Marwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka maka da alheri a kan kula da mahaifi. Bayanin ƙanena na Garwa daidai ne a lissafi, amma ina so in ja masa birki a wuri ɗaya, domin kada mai karatu ya tashi da fahimtar cewa rage haske kullum alheri ne. Hanta ba ƙoda mai tsakuwa ba ce.

Ana auna duhu da hasken nama a hoton sikana da ma'aunin Hounsfield, sunan injiniyan Ingila da ya ƙera na'urar da aka fara ɗaukar majiyyaci da ita a Landan a 1971, ya kuma sami kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. A wannan ma'auni ruwa sifiri ne, iska 1,000 ƙasa da sifiri, kitse wajen 100 ƙasa da sifiri, lafiyayyar hanta kuma tsakanin 50 da 65 kafin a sa ruwan aidin. Tsakuwar ƙoda tana kai ɗaruruwa, shi ya sa ba ta ɓuya. Ƙaramin ƙulli a hanta kuwa yana iya bambanta da naman da ke kewaye da shi da maki 10 ko 20 kacal. Idan yashin hoton ya kai girman wannan bambanci, ƙullin ya nutse, kamar neman farar akuya a cikin hazon hunturu. Sababbin na'urori suna da manhajar goge yashi, kowane kamfani da sunan da ya ba tasa, GE na da ASIR, Siemens na da SAFIRE, Philips na da iDose, kuma tun 2019 aka fara amincewa da masu aiki da ƙirƙirarriyar basira. Suna taimakawa ƙwarai, ban musa ba. Amma idan aka zabge hasken fiye da kima, manhajar tana goge yashin ta haɗa da gefen ƙullin, hoton ya fito sumul kamar an shafa masa mai, ido ya gamsu, cutar kuma ta wuce ba a gani ba. Wannan ya fi hoto mai yashi haɗari, domin mai yashi aƙalla yana gargaɗin mai dubawa.

Duk da haka, ina zargin ba yashi ne ya sa abokin aikina ya ajiye hoto na biyu ba. Hanta tana samun jini ta hanya biyu: kusan kashi uku bisa huɗu daga babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji, ragowar daga jijiyar da ke zuwa kai tsaye daga ɓangaren zuciya. Sankarar hanta, wadda ita ake tsoro ga mai ciwon hanta nau'in B, daga ta biyun take sha. Saboda haka idan aka ɗura ruwan aidin, wajen daƙiƙa 35 zuwa 40 ƙullin yakan haska kafin sauran hantar, zuwa daƙiƙa 70 hantar ta cika ta kamo shi, bayan minti 3 zuwa 5 kuma ya dushe ya fi kewayensa duhu. Wannan shiga da wuri da fita da wuri shi ne sa hannun cutar, kuma ga mai hantar da ta riga ta ƙandare, ganinsa a ƙullin da ya kai santimita 1 ko fiye yana iya wadatarwa ba sai an tsaga an ɗebi nama ba. Hoton zagaye ɗaya galibi a daƙiƙa 70 ake ɗaukarsa, daidai lokacin da ƙullin ya fi sajewa da hanta. Ko da an zuba masa hasken duniya ba zai amsa tambayar ba, domin an zo bayan an tashi kasuwa.

Laifin wa ne? Kafin a ɗora wa mai na'ura, a duba takardar da aka ba shi. Kullum ina karɓar takardun da ba a rubuta komai ba sai ciwon ciki, a yi sikana. Wanda aka ba irin wannan, ko dai ya yi zagaye ɗaya ya rasa abin da ake nema, ko ya yi huɗu daga sama har ƙasa domin kada a dawo masa da ƙorafi. Alamu sun nuna Baba ya gamu da duka biyun. Abin da ya dace a na ukun shi ne a rubuta ƙarara cewa ƙulli ake bincike a hantar mai ciwon nau'in B, a taƙaita zagayen farko da na ƙarshe a kan hanta kaɗai, wadda tsawonta da kewayenta bai fi santimita 20 zuwa 25 ba, a bar zagaye ɗaya tak ya sauka har mara idan ana buƙata. A kuma tabbatar wurin yana da injin ɗura ruwa, domin ana son ya shiga da gudun mililita 3 zuwa 5 a daƙiƙa, abin da hannu da sirinji ba sa iya riƙewa daidai.

Game da tsoron da ya hana ka barci. Mafi yawan abin da aka sani a kan wannan haske da sankara ya fito ne daga bibiyar waɗanda suka tsira a Hiroshima da Nagasaki bayan 1945. Daga nan aka fitar da ƙiyasin da ake aiki da shi, cewa milisibat 10 yana iya ƙara haɗarin mutuwa da sankara da kusan 1 cikin 2,000, a matsakaicin jama'a, yara da manya a haɗe. Ga mai shekara 68 abin ya yi ƙasa da haka sosai, domin sankarar da haske ke jawowa a gaɓoɓin ciki takan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ta bayyana, naman tsoho kuma bai kai na yaro saurin illatuwa ba. Ƙullin da ke hantarsa kuwa yau yake nan, kuma idan mugu ne, watanni ne ke raba wanda za a iya cirewa da wanda ba za a iya ba. Da mahaifina ne, da na kai shi na ukun cikin makon nan. Idan akwai halin yin hoton IRM (masu Ingilishi suna cewa MRI), wadda da maganaɗisu take aiki ba da wannan haske ba, kuma ta ƙware wajen bambance ƙullin hanta, to ita ma hanya ce, sai dai ba ko'ina ake samunta ba, kuma tana buƙatar riƙe numfashi sau da yawa fiye da sikana.

Ma'aikaciyar Jinya, Kusiri, ta amsa:

Ranka ya daɗe Dokta, na gamsu da batun Baba, amma ina roƙon kada iyaye su ɗauki wannan lissafi na tsoho su ɗora a kan yara. A ɗakin yara nake aiki, kuma da yake gadar Ngeli ce kawai tsakaninmu da Injamena, masu hali sukan tsallaka da yaro su dawo da hoto tun kafin likita ya nema, suna ganin gata suka yi masa. Kwanan baya wata baiwar Allah ta kawo mini takardun ɗanta mai shekara 6 da aka yi wa sikana saboda ciwon gefen dama na mara. Da na duba sai na ga kilobolt 120 da zagaye uku, saitin ƙaton namiji. Eko aka yi masa daga baya a cikin minti 10, ita ce ma ta nuna kumburin afendis ɗin.

Yaro yana girma, ƙwayoyin jikinsa suna rarrabuwa da sauri, kuma yana da shekaru 60 ko 70 a gabansa da illa za ta sami lokacin fitowa. Binciken da aka wallafa a mujallar Lancet a 2012 kan yaran Birtaniya ya nuna cewa tarin miligire 50 a ɓargo yana iya ninka haɗarin sankarar jini kusan sau uku. Cutar ba ta da yawa tun asali, don haka ninkin ma adadi ne ƙarami, amma ya isa ya sa a yi tambaya kafin a kwantar da yaro. A ciwon cikin yara, da na mata masu juna biyu, da masu tsargiya da ake son ganin mafitsara da ƙodarsu, eko ce ta farko.

Haka nan ina roƙon masu na'ura su riƙa tambayar mace batun al'adarta a keɓe, ba a gaban miji ko suruka ba, domin amsar da ake samu a bainar jama'a ba ita ce ta gaskiya ba kullum. Idan kuma an riga an yi hoton sannan aka gano ciki, kada a firgita mace. Hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan kariya daga wannan haske ta bayyana cewa abin da bai kai miligire 100 ga ɗan tayi ba, ba dalili ne na taɓa ciki ba, kuma hoton ciki na zagaye ɗaya yana ƙasa da haka nesa.

Mai Gyaran Na'urorin Asibiti, Ngaundere, ya amsa:

Gaisuwa ga Dokta da Hajiya da sauran 'yan'uwa. Zan ƙara gyara ɗaya a kan lambobin. CTDI da na'ura ke nunawa ba a jikin majiyyaci aka auna shi ba, an auna shi ne a kan wani dunƙulen roba mai faɗin santimita 32 da ke wakiltar cikin babban mutum, ko mai 16 da ke wakiltar kai. Wanda ya fi wannan roba sirantaka, gaɓoɓinsa suna shan fiye da abin da allo ya nuna, a ƙaramin yaro ma yana iya kaiwa ninki biyu. Tun 2011 ƙungiyar masana kimiyyar lafiya ta Amurka ta fitar da jadawalin gyara wannan lamba gwargwadon faɗin mutum. Saboda haka milisibat 35 da 7 da aka lissafa wa Baba ƙiyasi ne mai amfani wajen kwatanta hoto da hoto, kada a ɗauke su kamar awon sikeli.

Sannan akwai asarar da ke faruwa ba tare da an taɓa wani maɓalli ba. Na'urorin yanzu suna ɗaukar ɗan hoton share fage, su auna kaurin mutum, su riƙa ƙara haske a kafaɗa da ƙugu suna ragewa a inda jiki ya yi siriri. Idan ba a daidaita gado ba, mutum ya matsa kusa da fitilar da ke fitar da hasken, zai bayyana ya fi girmansa, kamar inuwar hannu da aka kai kusa da aci-balbal, sai na'ura ta zuba masa hasken ƙato. Idan aka bar hannuwa a gefen ciki, ƙasusuwansu suna ja wa hanta zane-zane kuma na'ura ta ƙara ƙarfi. Na sha zuwa gyara saboda ƙorafin cewa hoto ya lalace, in tarar lafiyar na'ura ƙalau, watanni ne kawai aka yi ba a yi mata gwajin dunƙulen ruwa ba, wanda ya kamata ya nuna sifiri, ko kuma na'urar sanyaya ɗaki ta mutu a tsakiyar zafin Afrilu an ci gaba da aiki. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ɗura ruwa kuwa, wannan duk wanda ke aiki a arewa ya san ta, kuma wurin da ba shi da batirin riƙe wuta majiyyaci ne ke biya da jikinsa.

Shawarata gare ka, Malam, tun kafin a yi na ukun ka koma inda aka yi na farko ka nemi su sake kwafa maka, domin wurare da yawa suna ajiye hotuna na wani lokaci. Ka tafi da filashi sabo, ka ce a saka maka ainihin fayilolin da ake kira DICOM, har da shafin ƙarshe mai lambobin haske, kuma a buɗe a gabanka. Hoton fim da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp ba ya maye gurbinsu, domin likita ba zai iya sauya haske da duhunsa ko ya auna ƙulli a kai ba.

Ɗan Marwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na aika ƙanena Garwa da filashi, aka yi sa'a hoton farko yana nan a kwamfutarsu. Likita ya buɗe jiya, kuma kamar yadda aka yi hasashe zagaye huɗu ne. Ya ga ƙullin, ya auna shi santimita 1.4, amma ya ce a zagayen da ya fi muhimmanci Baba ya yi numfashi, gefen ƙullin ya yi dishi-dishi. Ya ce tunda yanzu wata shida ke nan, ana buƙatar sabo ko don a ga ko ya girma, kuma a gabana ya rubuta takarda mai layi biyar maimakon kalma biyu. Mun fara gwajin numfashi bayan sallar isha, jiya ya kai daƙiƙa 12 yana dariya. Abin da ya rage mini shi ne ruwan aidin ɗin: karo na uku ke nan cikin shekara, kuma yana shan maganin hawan jini. Akwai abin da ya kamata mu yi kafin ranar?

Likitan Hoto, Injamena, ya amsa:

Madalla da wannan labari, Malam. Ruwan aidin ba ya taruwa a jiki, ƙoda ce ke fitar da mafi yawansa ta fitsari cikin kwana ɗaya, don haka yawan karon ba shi ne abin dubawa ba, lafiyar ƙodar ce. A yi masa gwajin kiriyatinin na jini, mai nuna yadda ƙoda ke aiki, a 'yan kwanakin da ke gaban hoton, a kai sakamakon tare da shi. Ka tattara duk magungunan da yake sha a leda ka nuna wa likita, har da na gargajiya da na ciwon gaɓoɓi da ake saya a kasuwa, domin wasunsu suna wahalar da ƙoda, kada kuma ya daina ko ɗaya sai an ce ya daina. Idan ya taɓa yin ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi a karo biyun da suka wuce, a faɗa tun kafin a sa allura. Ya sha ruwa sosai kwana ɗaya kafin hoton da kuma bayansa, sai fa idan likitansa ya ƙayyade masa ruwa saboda kumburin ciki. Ku nemi layin safe kafin rana ta buɗe, kuma ka roƙi mai na'ura ya kashe muryar Faransancin ya yi masa magana da Hausa. Ku tafi da filashin hoton farko, domin wanda zai karanta sabon ya jera su gefe da gefe a kan allo ɗaya.